Rishon da Ya Rufe Hannun Ladi

Da sunan Allah nake farawa, amma kada wani ya zaci da sanyin rai nake wannan magana. Sunana Azumi, mai koko da ƙosai a bakin tashar motoci ta Race Course. Abin da zan faɗa ya same mu ne ana saura shekara biyu Turawa su sauke tutarsu a ƙasar nan. Duk wanda kayan kanti ya yi wa ɗan uwansa rauni, ya karanta wannan kafin ya saurari dattawan gidansu.

Ladi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu ta dawo wurina, muka raba mata ɗaki a gidan da muke haya a Zango, unguwar 'yan arewa. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, abin da Allah ya ba ta yatsu ne. Kitso take yi, kuma ba don ƙanwata ce ba, ban ga wadda ta kama ƙafarta ba. Matan Asante masu garin ma har daga Kwadaso suke zuwa su zauna a tabarmarta tun hantsi suna jiran layi. Da guminta ta sayi risho mai famfo a babban kantin wani kamfanin Turawa a cikin gari, don in damina ta jiƙa gawayi ta samu na dafa ruwan wankin kai. Ja ne kamar zinariya, mata har taɓa shi suke yi suna sa albarka.

Bai yi wata a gidan ba. Ran nan da hantsi na dawo daga tasha ke nan, ina sauke tukunya, Ladi ta tsuguna tana buga masa iska yadda akawun kantin ya nuna mata. Sai na ji ƙara, fam! Cikin rishon ya tsage ta ƙasa, daidai inda aka haɗa shi da dalma, kananzir ya yi tsartuwa ya wanke mata hannu biyu, wuta ta bi. Ta miƙe tana yarfe hannu, wutar tana ƙara tashi. Zanen da na jiƙa don goge tukunya na rufa mata. Da na ɗaga zanen, fatar hannunta na dama ta biyo shi.

Kafin in samo mota, gidan ya cika da likitoci. Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinmu, ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa. Wata ta kawo man kaɗe, wata ta ce gishiri, wata ta ce a'a, toka. Gwaggo ta aika aka samo gashin zomo ta manna a kan naman, ta ce da shi aka warkar da kakarmu. Ina ce musu a bari mu je asibiti, suna ce min bakina ya cika sauri. Ban ga laifin zuciyarsu ba, amma na ga laifin hannunsu, don abin da suka manna sai da aka kankare shi da almakashi.

A asibitin gwamnati muka tarar da layi har bakin titi. Ladi tana zaune a ƙasa, hannu biyu a sama, ƙuda suna binta, mai gadi yana ce min kowa ma ciwo ya kawo shi. Sai bayan azahar muka shiga. Nas ɗin wata doguwar Bafanta ce, 'yar bakin teku, ta kalli hannun ta kalle ni, ta kira ni Maame, wato uwa a bakinsu.

"Maame, wanene ya sa gashi cikin nan? Ku mutanen Zongo, kullum haka ne! Yanzu za shi sha wuya sosai paa."

Ta kuwa sha. Ihun da Ladi ta yi ran nan ban taɓa jin irinsa daga bakin babba ba. Na tsani matar nan a ranar. Daga baya ita ce take ɓoye mana bandeji mai kyau a aljihunta, tana barina in wuce lokacin ziyara. Allah ya saka mata, ko da bakinta ba shi da linzami.

Sai na yi bayanin gidan da muke, don a gane abin da ya biyo baya. Gidan Alhaji Bawa ne, babban mai fataucin goro. Shi ne maigidanmu, kuma a Zango maigida ba mai karɓar haya kaɗai ba ne. In an yi faɗa, zaurensa za a je. In an yi sata, can za a kai abin da aka kama. In ɗan haya yana da magana da hukuma ko da wani babba, maigida ne bakinsa. Mijina Isufu kuma yaronsa ne, shi yake ɗaure masa huhun goro. Saboda haka tun ranar da abin ya faru, Isufu ya ɗauki fasasshen rishon ya kai zauren Alhaji, kamar yadda kowa zai yi. Aka tura shi bayan buhuna.

Mako na farko da na biyu ba na son tuna su. Hannun ya kumbura, ya fara ruwa, ya fara wari. Zazzaɓi ya rufe ta har tana kiran mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa. Aka ce sai allura, kuma allurar sai mun saya. Na rufe kokona, na kwashe kwanonin jerena na kai kasuwa. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake mata wanka, ni nake mata tsarki. Wannan na ƙarshen ya fi ƙunar yi mata ciwo. Duk lokacin da na kai ta bayi sai ta kau da kai.

"Yaya, ki yafe ni."

"Rufa min baki. Wanda ya ƙera wannan tsiyar shi zai nemi gafara, ba ke ba."

'Yan dubiya kuwa ba a magana. Kowa ya zo da lemo biyu da wa'azi kwando guda. Ƙaddara ce. A yi haƙuri. Wata ma cewa ta yi bakin mutane ne, Ladi ta cika nuna abin hannunta. Na ce mata bakin mutane ba ya narkar da dalma. Ta tafi ta ce na zage ta, kuma gaskiya ban janye ba.

A mako na huɗu zazzaɓin ya sauka, hannun hagu ya fara kyau. Muka fara murna. Sai likita ya kira ni, tafinta yana tsakaninmu. Ya ce ciwon zai warke, amma sabuwar fatar da ke fitowa a tafin dama mai tsukewa ce. Wannan kalma, tsukewa, ita ce ta zauna min a kunne. Ya ce kullum za ta riƙa jan yatsun ciki, kaɗan kaɗan, har su kwanta a tafi, in kuma gaɓoɓin suka sandare a haka, shi ke nan. Akwai aikin da ake yi a Ankara, babban birnin ƙasar nan, a yanko fata daga cinya a dasa a hannun, amma sai an yi watanni a can, kuma ba aikin mai koko ba ne. Na tambaye shi nawa. Da ya faɗa, dariya ce ta kubce min, irin wadda ba ta da daɗi.

Wadda ta buɗe mana ido Maame Akosua ce, mai sayar da busasshen kifi, wadda Ladi take yi wa kitso tun da daɗewa. Ta zo dubiya, ta ga hannun, ta zauna a bakin gado ta yi kuka kamar 'yar ɗakinmu.

"Kafra, Ladi, sannu, kafra. Azumi, wannan ba ƙaddara kaɗai ne ba. Wanda ya sayar da shi za shi biya. Ƙanena loya ne. Gobe mu tafi."

Ni ban taɓa sanin ana ƙarar kanti ba. A sanina, in ka saya ka fita, kai da Allah. Lauyan saurayi ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ofishinsa a saman wani shago. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, abin da ba kowane namiji ya iya ba. Ya ce wanda ya ƙera abu da wanda ya kawo shi ya sayar, doka ta ɗora musu su tabbatar ba zai cuci mai amfani da shi ba. In an nuna aibin daga ƙira yake, kamfanin zai biya magani, ya biya aikin Ankara, ya biya sana'ar da ta tsaya. Ya ce ba zai karɓi komai ba sai an ci. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Amma rishon shi ne shari'ar. Kada a wanke shi, kada a gyara shi, kada a ba kowa. Akwai injiniyan da zai duba haɗin ya faɗa wa alƙali. In babu shi, za su ce fetur ta zuba, ko ta cika masa iska. Kin ji ni?"

Na ji shi sarai. Daga can ban tsaya ko'ina ba sai zauren Alhaji. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa duk abin da lauya ya ce, na roƙi a ba ni rishon in kai. Fuskarsa ta canza tun daga kalmar lauya.

"Ke Azumi, ina raye, ina zaune a gidan nan, kika tsallake ni kika hau bene wurin ɗan Asante? Yaushe muka fara kai maganarmu kotun Nasara?"

"Baba Alhaji, ku yi haƙuri. Hannun yarinyar nan ne yake rufewa."

"Na sani. 'Yata ce. Abin yana hannuna, ki bar min. Zan yi abin da ya dace."

Mijina yana gefe yana ɗaure goro, ko kai bai ɗaga ba. Da muka koma ɗaki na ce masa ya je ya ɗauko min abin ko da a ɓoye. Ya ce in rufa masa asiri, a inuwar Alhaji muke ci. Abin da bai faɗa ba, kuma duk Zango an sani, shi ne daga wannan kamfanin Alhaji yake ɗaukar gishiri da atamfa yana aikawa arewa. Sau uku ina komawa zauren, kullum amsar ɗaya ce, yana hannuna.

An sallamo Ladi a mako na shida. Nas ta koya min yadda zan riƙa miƙe mata yatsu safe da yamma da man kaɗe. Ina ja tana cije zane, hawaye yana zuba, amma ba ta taɓa cewa in bari ba. Ƙaramin yatsan ya riga ya lanƙwashe, na kusa da shi yana binsa. Kullum sai ta ce in kawo mata zaren kitso ta gwada riƙewa. Ta kan riƙe kaɗan, sai ya zame.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka ji sallama a ƙofar ɗaki. Alhaji ne da kansa, da dattawa biyu, da mijina a baya ɗauke da kwali. Matan gida suka taru. Alhaji ya gyara babbar riga, fuskarsa fal annuri, ya ce a buɗe. Sabon risho ne, irin wancan sak, ja yana ƙyalli. A kansa turmin atamfa.

"Na je da kaina," in ji shi. "Na zauna da babban akawu, har Baturen ya fito ya ba ni hannu. Na ce kayanku ya lalace, ya ji wa 'yata ciwo. Ba su yi gardama ba koraa, ko kaɗan. Suka karɓi tsohon, suka ba da sabo, suka ƙara da zane na jaje. Na ce mun yafe, magana ta ƙare. Ba kotu, ba tonon asiri. A yi fatiha."

Dattawa suka ɗaga hannu. Matan gida suka ɗaga hannu, Gwaggo Tani har da guɗa ƙasa ƙasa. Ni ban ɗaga ba. Ladi ce ta yi magana, ita da ba ta taɓa ɗaga ido a gaban Alhaji ba. Ta zaro hannun daga mayafi ta miƙa.

"Baba, da wane hannu zan kunna shi?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ciwo ne yake sa ta, a yi mata uzuri. Suka shafa fatiharsu suka fita.

Washegari na je wurin lauya da Maame Akosua. Da ya ji, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce yafewar Alhaji ba ta ɗaure Ladi ba, don ba hannunsa ne ya ƙone ba, amma me zai ajiye a gaban alƙali? Duk da haka ya sa hula muka tafi kantin. Babban akawun ya karɓe mu da murmushi har kunne. Ya ce tsohon risho? Ai an haɗa shi da tarkacen ƙarfe an tura bakin teku tun shekaranjiya. Ya ce kayansu ba ya fashewa, sai dai in an zuba abin da bai kamata ba, kuma mutanen Zango, a yi haƙuri, ba sa karanta abin da ke jikin kwali. Ya ce sun ba da sabo ne don girman Alhaji. Na ce masa Allah ya haɗa shi da irin girman nan a cikin ɗakinsa. Lauya ya ja ni waje.

Saura shaidu. Mata sun fi goma a tsakar gida ranar da abin ya fashe, kuma duk sun ga tsagar da idonsu, sun ga kwalbar kananzir ɗin da Ladi ta zuba. Na bi su ɗaki ɗaki. Wannan ta ce mijinta ba zai bari ba. Waccan ta ce ita tana bayi lokacin. Gwaggo Tani, jininmu, ta ce min, "Azumi, an yi fatiha a kan magana, ke wace ce da za ki tone ta? So kike a ce 'yan gidanmu sun ƙaryata Alhaji a gaban kafirai?" Na ce mata so nake Ladi ta ci tuwo da hannunta. Ta ce ba ni da kunya tun ina yarinya. Lauyan ya rubuta wa kamfanin, suka amsa da cewa an riga an sasanta da shugaban iyali. Ya ce zai iya shigar da ƙarar, amma za mu faɗi, kuma in mun faɗi kuɗin shari'arsu a kanmu zai dawo. Bai karɓi ko kwabo ba, ya raka mu har ƙasan bene. Shi da yayarsa, Allah ya ba su abin da suke nema.

Haka muka zauna muna kallon hannun. Yatsan tsakiya ya bi, manuni ya bi. Na koma koko, ina tara abin da zan iya, amma yatsun sun fi ni sauri. Da damina ta ɗauke na mayar da ita wurin likita. Ya juya hannun, ya gwada buɗe shi, ya kasa. Bai ce a kira tafinta ba, ni ma ban nema ba.

Sabon rishon yana nan a kwalinsa a ƙarƙashin gado. Mijina ya ce a sayar. Na ce in sayar wa wa, uwar wa nake so ta ƙone? Ranar da muka dawo daga wurin likita na jawo shi, na cika shi da kananzir, na ɗauka na shiga cikin gidan Alhaji, inda iyalinsa suke. La'asar ce, jikokinsa suna wasa a tsakar gida, shi yana kan buzu yana lazimi. Na ajiye shi a tsakiyarsu, na tsuguna, na fara buga masa iska.

"Baba Alhaji, na kawo muku kyautarku. Shayi zan dafa muku."

Tsohon nan da ake ɗagawa in zai hau mota, ban san lokacin da ya miƙe ba. Carbi ya faɗi. Ya fizgi ƙaramar jikarsa ya tura ta bayansa.

"Ke mahaukaciya ce? Fitar min da wannan abin! Ba ki ga yara ba? Fashewa yake yi!"

Na saki famfon. Matansa da 'ya'yansa duk suna tsaye, duk sun ji.

"Ashe kun sani," na ce.

Na bar masa shi a nan na fita. Kafin sati ya zagayo an ce mu nemi wani ɗaki, an kuma ce wa mijina an samu mai ɗaure goro. Ya yi wata bai yi min magana ba. Har yau akwai gidajen da ba a gayyata ta suna a Zango, ana cewa ni ce matar da ta so ƙona jikokin Alhaji. Ko ashana ban riƙe ba ranar, amma ban damu in gyara musu labarin ba.

Ga abin da nake so a ɗauka. In abin kanti ya cuci naka, ka ɗauke abin da hannunka, ka kulle a akwatinka, ka rataya makullin a wuyanka. Kada ka ba maigida, kada ka ba liman, kada ka ba mijinki. A gaishe su, a durƙusa musu, amma kada a ba su. Kuma a kai mai ƙuna asibiti kafin gwaggonni su iso.

Mun samu ɗaki a can ƙarshen Zango. Ladi ta koyi cin abinci da hagu, ta koyi tankaɗe min gari, tana kama rariya da dungulmin hannun. Ba ta ƙara ce min in kawo zare ba. Wata safiya muna zaune a ƙofar ɗaki, sai ga wata mata ta yi sallama, ta sha ado, kanta a tsefe cikin ɗankwali. Ta ce daga Atonsu take, bikin 'yarta ya matso, an ce mata a nan za ta samu Ladi mai kitso, ta sha tambaya kafin ta gano gidan.

Na buɗe baki zan yi bayani. Ladi ta riga ni. Ta ja mayafi ta rufe hannun, ta kalli matar ido cikin ido.

"Sannu da hanya, Maame. Ai ta tashi daga nan."